Shokozoba a Zamanin Fijo

A garejin da na koyi kanikanci a Kano, farkon shekarun 1980, babu abin da direban haya yake ƙyashin saye irin shokozoba. Fulogi in ya mutu mota ba za ta tashi ba, dole a saya. Birki in ya cinye, kukan ƙarfe a kan ƙarfe ya isa ya kunyata mutum a tasha. Lagireto in ya huje, tururi zai tsayar da kai a dokar daji ko kana so ko ba ka so. Ita kuwa shokozoba shiru take mutuwa. Mota na tafiya, fasinja na biya, sai direba ya ce ai lafiyarta ƙalau. Maigidanmu ya sha cacar baki da direbobi a kan haka, kuma a gefen wannan cacar ce na fara gane akwai ilimi a cikin baƙin ƙarfen nan da ke laɓe a bayan taya.

Zamanin Peugeot ne. Masana'antar haɗa motoci ta Kakuri a Kaduna ta fara aiki a 1975, kuma a shekarun farko ta jirgin sama ake ɗauko sassan daga Lyon ta Faransa, a sauke a filin jirgin Kano, manyan motoci su kwasa zuwa Kaduna. Kafin a ankara 504 ta cika ko'ina. Ita ce motar ma'aikacin gwamnati, ita ce kuma doguwar wagon da ke lodi a tasha zuwa Katsina, Gusau, Jos da Maiduguri. Kowane yaron gareji ya haddace ƙasanta. A gaba, sifirin da shokozoba a haɗe suke wuri guda, tsarin da ake jingina wa injiniyan Amurka Earle MacPherson. A baya, wagon na da miƙaƙƙen aksil da naɗaɗɗen sifirin huɗu, biyu a kowane gefe, saboda kaya; a-kori-kura kuma sifirin falle-falle gare ta. A lokacin Peugeot na cikin 'yan kamfanonin da ke ƙera shokozobarsu da kansu, kuma laushin tafiyar 504 da ake yabo, rabinsa daga nan yake. Ba banza ba ta ci gasar Safari ta Kenya a 1975.

Abu na farko da maigida yake cusa wa sabon yaro shi ne, ba shokozoba ce ke ɗauke da mota ba, sifirin ne. Cire ta gaba ɗaya, mota ba za ta zauna ƙasa ba. Sai dai sifirin in rami ya matse shi ramawa yake yi, ya wuce inda ya tashi, ya dawo, ya sake wucewa, mota na ta lilo har ƙarfin ya ƙare da kansa. A cikin wannan lilon akwai lokacin da taya ke sakin ƙasa, kuma tayar da ba ta taka ƙasa ba, birki ba shi da iko da ita, sitiyari ma haka. Aikin shokozoba ta cinye wannan ƙarfin. Fistin ne a cikin bututu cike da mai. Duk motsin da taya ta yi, sai fistin ya tilasta wa man bi ta 'yan ƙananan ƙofofi, wahalar matsin kuwa zafi take zama. Shi ya sa in mota ta shigo daga doguwar tafiya, kafin direba ya gama gaisuwa maigida ya riga ya durƙusa yana kai bayan hannunsa ga kowace ɗaya. Mai ɗumi tana aiki. In ya taras da ɗaya sanyi ƙalau bayan an sha gargada, sai ya miƙe ya karkaɗe gwiwa ya ce, "Alhaji, ta hagun nan ta mutu, kuma ba yau ba."

Wata rana da damina, ruwa ya hana mu aiki a fili, ya sa aka ɗauko masa tsofaffi biyu daga tulin ƙarafa, ɗaya daga bayan wata 504, ɗaya daga Marsandin wani ɗan kasuwa. Da ta Fijo ya fara. Ya matse ta a benci, ya huda gefenta, baƙin mai mai wari ya tsiyaye cikin gwangwani. Sannan ya miƙo mini zarto. "Kai yaro, bi a hankali. Da ka ji bakin zarton ya faɗa, ka tsaya." Na yanka a zagaye, ya zare kwanson waje, sai ga wani bututun a ciki, siriri, sumul, ko ɗigon tsatsa babu. Tsakanin su biyun akwai rata da ba ta kai faɗin ɗan yatsa ba. A cikin na cikin ne fistin yake, ɗaure a bakin sandar nan mai sheƙi, jikinsa da 'yan huji, da siraran faya-fayan ƙarfe da ke rufe su har sai matsin mai ya lanƙwasa su. Can a gindi kuma da wani bawul na biyu, wanda ya haɗa bututun ciki da ratar.

Ya tambaye mu amfanin ratar, kowa ya yi tsit. Sai ya cika kwalba fal da ruwa, ya tura sukundireba a ciki, ruwan ya malalo ta baki. "Mai ma haka yake, ba ya matsuwa," in ji shi. "Duk lokacin da sandar nan ta shige, sai ta kori mai daidai girmanta. To ina zai je?" Ratar ce ma'ajiyarsa. Taya ta daki tudu, fistin ya nutsa, rarar man ta bi ta bawul ɗin gindi ta shiga ratar. Taya ta sauka, sanda ta fito, man ya komo. Don a sami wurin da zai shiga kuwa, ba a cika ratar: ƙasa mai, sama iska, babu abin da ya raba su. Sai ya zubar da ruwan, ya ɗura man da muka tsiyaye zuwa rabin kwalbar, ya toshe baki da babban yatsa ya girgiza da ƙarfi. Kafin ya ajiye ta man ya koma kumfa mai ruwan ƙasa. Kumfa kuwa matsuwa take yi, fistin da ke yawo a cikinta ba ya gamuwa da abin da zai riƙe shi.

Da aka zo kan ta Marsandi, sai ya kore mu baya. An cire ta ne don ta fara jiƙewa da mai, amma da sauran ƙarfinta: ka danna sandar da ƙyar take shiga, ka saki ta miƙo da kanta har ƙarshe. Ya sa tabarau, ya naɗe gindinta da tsumma, ya ɗauki mafi ƙanƙantar bakin abin huda ya yi mata ɗan huji kusa da ƙasa. Iska ta fito da tsaki mai ƙarfi, har tsumman ya kumbura. Sai da ta yi shiru sannan ya yi huji na biyu daga sama don mai ya fita, ya ce in yanka. Bango ɗaya ne tak. Fistin ɗin ya fi na farkon faɗi nesa ba kusa ba, don shi ya cika bututun gaba ɗaya. Babu rata, babu bawul a gindi. Abin da muka taras a ƙasa wani fistin ne na biyu, marar sanda, da zoben roba a ƙugunsa, yana zamewa sama da ƙasa yadda ya ga dama. Samansa mai, ƙasansa ɗakin iskar naitirojin. In sanda ta shige ta kori mai, sai wannan fistin ya ja da baya kaɗan ya ƙara matse iskar. In ta fito, iskar ta turo shi. Mai da iska ba sa haɗuwa ko kaɗan. Ga kuma matsin: mai faci yana ba tayar ƙaramar mota awo 30 da 'yan kai, na cikin wannan ɗakin kuwa yakan kai wajen 360 a ma'auni ɗaya. Man da ke ƙarƙashin irin wannan matsin, ko ya yi zafi, ko fistin ya fizge shi da sauri, ba ya samun sararin yin kumfa.

Daga baya na san asalin dabarar. Wani Bafaranshe ne, Christian Bourcier de Carbon, ya ƙirƙiro ta, ya kafa kamfani da sunansa a 1953. Kamfanin Bilstein na Jamus ya karɓi izinin ƙerawa ya gyara ta, kuma a 1957 Mercedes-Benz ya fara fito da motocinsa da ita daga masana'anta. Wato lokacin da muke yanka tamu a benci, dabarar ta haura shekara ashirin da biyar a duniya, amma a wajenmu sai a ƙarƙashin motar mai hali ake ganinta.

A ranar da muka yanka su, mu yara mun yanke hukunci: ta Marsandi ta fi. Maigida bai ce e ba, bai ce a'a ba. Hanya ce ta yi mana sauran bayanin.

Akwai wani fatake mutumin Damagaram da ke kawo mana a-kori-kurarsa duk zuwan da ya yi Kano saro kaya. Ta Daura da Kwangwalam yake bi ya koma gida, daga can kuma ya nausa arewa ta Tanut zuwa Agadas, kuma a lokacin wani dogon yanki na wannan hanyar babu kwalta. Kukansa kullum ɗaya ne. "Malam, da safe in na tashi motar nan a zaune take daram. Amma in rana ta take, ina cikin burji, sai bayanta ya fara rawa, in ji kamar ba ni ke riƙe da ita ba. Na kwana a hanya, gari ya waye, ta koma lafiya lau." An riga an sake masa sabbi a wani wuri, na kirki kuma, abin bai canza ba, har ya fara zargin ko hannu aka sa masa. Maigida ya danna bayan motar, ta tashi sau ɗaya ta tsaya. Ya leƙa, babu yoyo. Ya ce, "Alhaji, shokozobarka lafiyarta ƙalau. Ba a yi ta don wannan hanyar ba ne."

Duk wanda ya taɓa bin burji da rani ya san gargadar nan mai layi-layi da tayoyi ke sassaƙawa a kan hanya, kunya bayan kunya a jere. A ƙaddara tazarar da ke tsakanin kunya da kunya mita ɗaya ce. Motar da ke gudun kilomita 60 a awa, tayarta na hawa da sauka kusan sau 17 a daƙiƙa ɗaya, sau 60,000 a awa guda. Kowane hawa da kowace sauka zafi ne ake zuba wa ɗan man da bai cika kofi biyu ba, a watan Afrilu, lokacin da inuwa kanta ta haura digiri 40. A mai bututu biyu irin ta Fijon nan, zafin yana tashi ne a bututun ciki, kuma kafin ya kai ga iskar waje sai ya ƙetare man ratar, da iskar da ke samanta, da bango na biyu. Yana taruwa fiye da yadda yake fita. Man ya tsinke, ya riƙa zurarewa ta ƙofofin fistin ba wahala, girgizar kuma ta kaɗa shi da iskar ratar ya zama kumfa. Nan ne bayan mota ke fara rawa. In aka kwana, man ya huce, kumfa ta kwanta, sai ka rantse sabuwa ce. Mai bututu ɗaya irin ta Marsandin kuwa man na jingine da bangon da iskar hanya ke bugawa kai tsaye. In ka taɓa ta bayan tafiya za ta fi ɗayar ƙuna a hannu, kuma na sha ganin direba ya tsorata da haka, alhali alamar zafin na fita ne.

Maigida ya kwatanta masa irin wadda zai nema, ya auna masa tsawonta a miƙe da a matse, ya rubuta a bayan kwalin sigari. A Nijar ya samo su. Zuwansa na gaba har da tsarabar dabino, yana ta sa albarka: ya ƙetare burjin nan da rana tsaka, da cikakken lodi, motar ba ta yi masa gardama ba. Abu ɗaya ya ce ya lura, in babu kaya kuma yana cikin gari, ta fi da tauri, kowane ɗan tsakuwa sai ya ji shi a kujera. Wannan ma gaskiya ne. Matsin iskar nan kullum yana turo sanda waje, sil ɗin da ke riƙe da irin wannan matsin kuma dole ya kama sandar tamau, don haka ƙananan motsi ba ta saurin amsa su.

Ba a rufe shekara ba ya dawo da ɗaya a hannu. Dutse ne tayar gaba ta harbo ya same ta a ciki. Lotsawar ba ta fi kan babban yatsa ba, amma fistin ya zo nan ya cije, ba gaba ba baya, bayan motar ya sandare ta gefe guda har bushin ya yage. Maigida ya je tulin ƙarafa ya zaro wata tsohuwar mai bututu biyu da ta sha duka, duk jikinta lotse-lotse, ya ja sandarta ya tura a gabanmu, tana tafiya sumul. Kwanson waje ne ya sha dukan, na ciki bai san an yi ba. Wannan bangon na biyu da ke riƙe zafi, shi ne kuma garkuwarta. Abin da aka yi wa Alhajin bai fi a sayo wata, a yanko tsohuwar roba mai kauri a ɗaura mata ta fuskar da duwatsu ke zuwa ba, aka bar bayanta a buɗe don iska.

Tun daga lokacin na daina mamakin yadda har yau yawancin motocin da ke fitowa daga masana'anta da mai bututu biyu suke zuwa. Ta fi araha a ƙera, ta fi laushi a kan kwalta, kuma ta fi gajarta, tunda ma'ajiyarta a gefe take, ba a jere da fistin ba. Mai bututu ɗaya sai an ƙara mata tsawon ɗakin iska, ba kowace mota ce ke da wannan wurin ba. Ga kuma tsarin MacPherson da ya mamaye ƙananan motoci. A nan shokozoba ba lilo kaɗai take tsayarwa ba, ita ce ke riƙe da tayar a tsaye, ita ke juyawa da sitiyari, ita ke shan turin kwana da na birki. Tana bukatar sanda mai kauri da kwanson da za a yi wa walda a liƙa mazaunin sifirin ba tare da an taɓa inda fistin ke bi ba, kuma mai bututu biyu ta zo da wannan kwanson tun asali. Masu yin mai bututu ɗaya don irin wannan gurbin sai sun kifa ta, kai ƙasa, a cikin wani kwanson dabam, kuɗinta kuma ya tashi. Kifawar ma ita kaɗai ke jure ta. A kwance, a karkace, ko a kife, mai bututu ɗaya aikinta take yi. Mai bututu biyu in ta karkace da yawa, bawul ɗin gindi iska zai zuƙa maimakon mai. Shi ya sa sabuwa da ta daɗe kwance a kanti, maigida ba ya yarda a ɗaura ta sai an tsayar da ita, an ja an tura har ta daina tsallake, ta yi nauyi daga farko zuwa ƙarshe. Wannan aikin na sabon yaro ne, kuma na yi shi har kafaɗa ta gaji.

Abin da na fi ƙauna a 504 shi ne na gabanta ana kwance su. A buɗe babban notin da ke saman kwanson, a zaro sanda da bututun ciki, a wanke komai da kananzir a shanya a kan tsabtataccen kwali, a sake sil, a zuba sabon mai irin nata gwargwadon awo, a mayar. Maigida ba ya yin wannan aikin in ana iska, don ƙwayar rairayi ɗaya ta isa ta hana faifan bawul zama. Gyara ne na gaskiya, wanda masu motar suka tanada tun daga zanenta.

Daga 1986, da aka shigo da tsarin SAP darajar naira ta karye, sabon kaya ya fi ƙarfin mai motar haya. Kasuwa ta koma ta kayan Beljiyam, daga baya motocin Kwatano suka biyo. Ban ga laifin kowa ba a nan, mutum da abin da aljihunsa ya iya yake tafiya, kuma a cikin kayan Beljiyam akwai masu sauran rai sosai. Abin da har yau yake ci mini rai wata sana'a ce da ta tsiro a lokacin. A ɗauko matacciyar shokozoba irin wadda aka rufe da walda daga masana'anta, a huda ta, a ɗura mata baƙin mai ko man giya, a toshe hujin, a fesa fenti, a sayar. A hannu sai ka ji ta da nauyi har ta fi sabuwa, mai saye ya yi murna. Amma man shokozoba siriri ne, an haɗa shi don kada kaurinsa ya canza da yawa tsakanin sanyi da zafi, kuma don ya ƙi kumfa. Man giya da sanyin hunturu sandarewa yake, ya riƙa dukan bushi da mazauninta har su tsage. Da zafi kuma ya saki. Sannan abin da ya kashe ta tun farko yana nan: sandar da jar ƙasa ta karce, da sil ɗin da sandar ta cinye. Kafin wata ya zagayo man ya tsiyaye. An sha kawo wa maigida wannan aikin da kuɗi a hannu, amsarsa ɗaya ce: "Ku kai wani wurin. Ni ba zan sa hannuna a motar da za ta ɗauki 'ya'yan mutane ba."

A lokacin ne kuma tambayar nan ta shigo kasuwa, wadda har gobe ake yi a Ƙofar Ruwa da sauran wuraren sayar da kayan mota: "Ta gas ce ko ta mai?" Dukkansu da mai suke aiki. Kuma ba duk wadda sandarta ke miƙowa da kanta ce mai bututu ɗaya ba. Kamfanoni irin su KYB na Japan da Monroe na Amurka da Sachs na Jamus suna yin mai bututu biyu da aka cire iskar ratar aka sa naitirojin mai ɗan matsi kaɗan. Wannan ya rage kumfa ƙwarai, kuma ita ce ke ƙarƙashin yawancin ƙananan motocin da ke yawo a titunanmu yanzu. Ci gaba ne na gaske, amma bangonta biyu ne har yanzu, zafin na nan yana neman hanyar fita, naitirojin ɗin kuma a kan man yake zaune. Wanda ya saye ta da zaton ya sayi irin ta Marsandin nan don ya shiga daji da lodi, bai sami abin da ya nema ba.

An sha jawo mana wagon da ta wuntsila a hanya. Mutane su taru, a yi salati, a ce taya ce ta fashe. Maigida yakan zagaya ya shafa tayoyin da suka rage, ya kira ni ya ɗora hannuna a kai. Sai in ji cin bai tafi daidai ba, gurbi-gurbi ne a zagaye, nan tudu nan kwari. Tayar da ta yi watanni tana tsalle tana dukan kwalta ce ke yin haka. Irin wannan motar in aka taka birki sai ta dunƙura da hanci ta ƙara tafiya kafin ta tsaya, in ta shiga kwana da fasinja fal da buhuna a but sai ta kwanta gefe ta dawo ta kwanta ɗayan, da dare kuma fitilarta na sama na ƙasa. Rai na hannun Allah, wannan babu mai ja. Amma na tsaya a gaban motocin da na san kuɗin shokozoba biyu na baya bai kai kuɗin taya ɗaya da aka yi ta canzawa ba, kuma na ga takalman yara a ƙarƙashin kujerunsu.

Yanzu da nake zaune a bakin garejina yara na aiki, in aka tambaye ni wacce ta fi, tambaya nake mayarwa: ina kake zuwa da motar, me kake ɗauka? Mai Corolla ko Golf da ke tsakanin gida, ofis da kasuwa, ko ma mai haya a kan kwalta tsakanin Kano da Kaduna, mai bututu biyu ta kirki ta ishe shi, kuma zai fi jin daɗin zama. Mai Hilux ko Land Cruiser da ke shiga ƙauyuka da taki da hatsi, ko mai ƙetara hamada, ya daure ya sayi mai bututu ɗaya, ya kare ta daga dutse. Masu tseren hamada ma har wani ɗan tulu suke rataya mata a gefe da tiyo, don a sami ƙarin mai da ƙarin wurin hucewa. Kowacce aka zaɓa, biyu-biyu ake canzawa, hagu da dama, ba a haɗa iri biyu a aksil ɗaya, kuma robar nan mai naɗe-naɗe da ke rufe sanda in ta yage a sake ta a ranar, don a ƙasarmu ƙura ce ke fara kashe shokozoba kafin rami.

Akwai kuma dokar da na gada ban sassauta ba. Tsohuwar mai bututu ɗaya ba ta barin garejina zuwa wajen 'yan gwangwan sai an huda ta an fitar da iskar. Yaran da ke wannan sana'ar sukan tara ƙarafa su cinna wuta don robar jiki ta ƙone, wasu kuma su sara da guduma da kurfi, ba su san abin da ke ɗaure a ciki ba. Ko ta shekara goma a yashe matsin na iya kasancewa yana nan, in wuta ta taɓa shi kuma bututun fashewa yake, sandar ta fita da ƙarfin da zai huda mutum. Don haka a matse ta a benci, sanda a miƙe, a sa tabarau, a yi ɗan ƙaramin huji kamar faɗin yatsa biyu daga gindi, a jira ta yi shiru, sannan a yi na biyu daga sama a tsiyaye man cikin galan.